Akwatin Sarki Yowash da Kuɗin Gyaran Haikali

Sarki Yowash na Yahuza ya kai shekara 23 a kan karaga, amma Haikalin Urushalima na nan da tsagewarsa yadda ya gaje shi. Tun tuni ya ba da umarnin a gyara. Jama'a na kawo kuɗi, firistoci na karɓa, kuma babu wanda ya taɓa fitowa fili ya ce ya ƙi bin maganar sarki. Sai dai ginin bai ga magini ba. Labarin yana cikin Littafi Mai Tsarki, a Sarakuna na Biyu sura 12, an kuma sake ba da shi da ƙarin bayani a Tarihi na Biyu sura 24. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ginin coci ko na masallaci, ko ya riƙe kuɗin ƙungiyar unguwa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya san yadda ake shekara da shekaru ana tara gudummawa, kowa na rantsuwa bai taɓa ko sisi ba, rufi kuma na ci gaba da yoyo.

Abin da ya sa labarin ya cancanci a zauna a kansa shi ne yadda aka fita daga wannan hali. Ba a kori kowa daga aiki ba, ba a ɗaure kowa ba. Hanyar da kuɗin ke bi aka canza, sai aiki ya tashi.

Bayan rasuwar Sarki Sulemanu ɗan Dawuda, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Almasihu, mulkin Isra'ilawa ya rabu biyu. Arewa ta riƙe sunan Isra'ila, kudu ta zama Yahuza, babban birninta Urushalima, wanda aka fi sani da Ƙudus a wurinmu, sarautarta kuma a gidan Dawuda. Daga wannan gida Yowash ya fito, kuma da ƙyar ya sha. Yana jariri aka kashe mahaifinsa, Sarki Ahaziya. Kakarsa Ataliya, wadda ta fito daga gidan Sarki Ahab na arewa, sai ta sa aka karkashe 'ya'yan sarauta don mulki ya zama nata. Gwaggon yaron, Yehosheba, ta sace shi daga cikin waɗanda za a kashe, ta ɓoye shi da mai renonsa a ɗakin kwana, daga bisani aka rufa masa asiri a cikin Haikali har shekara 6. Mijin gwaggon nan shi ne Yehoyada, babban firist. A shekara ta 7 ya haɗa kai da shugabannin sojoji, aka fito da yaron aka naɗa shi, aka kashe Ataliya. Yowash ya hau sarauta yana ɗan shekara 7, wajen 835 kafin haihuwar Almasihu, ya yi shekara 40 yana mulki. Saboda haka Haikali a wurinsa gida ne, a cikinsa ya yi wayo.

Ginin kuwa ya tsufa. Sulemanu ya shekara 7 yana aikinsa, da duwatsun da aka sassaƙa tun daga mahaƙa, aka lulluɓe cikinsa da katakon al'ul na Lebanon. Tsawonsa kamu 60, faɗinsa kamu 20, tsayinsa kamu 30, ga ɗakuna hawa 3 manne a jikinsa. A lokacin da muke magana ya kusa shekara 150 yana shan ruwan sama da sanyin tuddan Yahuza. Shishak sarkin Masar ya kwashe dukiyarsa tun zamanin Rehobowam ɗan Sulemanu. 'Ya'yan Ataliya kuma sun fasa shi, sun ɗebi kayansa masu tsarki sun kai wa gunkin Ba'al.

Umarnin farko da Yowash ya bayar, in ka ji shi, ba za ka ce yana da aibu ba. Ya ce kuɗin da ake kawowa Haikali, wato na ƙidayar jama'a, da na fansar wa'adin da mutum ya ɗauka, da wanda mutum ya bayar don ra'in kansa, firistoci su karɓa, kowane firist daga hannun waɗanda ya saba da su, su gyara duk inda suka ga ya lalace. Kuɗin ƙidaya tsohon haraji ne tun zamanin Musa a jeji, rabin shekel na azurfa a kan duk wanda aka ƙidaya daga ɗan shekara 20 zuwa sama, mai arziki ba ya ƙarawa, talaka ba ya ragewa. Littafin Tarihi ya ƙara da cewa sarki ya tura firistoci da Lawiyawa, masu taya su hidimar Haikali, garuruwan Yahuza su riƙa tattaro kuɗin shekara-shekara, ya ce su gaggauta, su kuwa suka yi ta jan ƙafa.

To, a duba tsarin nan da kyau. An ɗora aikin a wuyan firistoci gaba ɗayansu, ba a ware mutum ɗaya da za a kama in aiki bai yiwu ba. Kowannensu zai iya cewa abin da ya shigo hannunsa bai kai ya ɗauko mai sassaƙar dutse ba, yana jira sai na 'yan'uwansa ya taru. Ga shi kuma ta hanyar sanayya kuɗin ke shigowa. Manomi ya taso daga Hebron ko Biyer-sheba, ya nemi firist ɗin da ya sani, ya damƙa masa azurfarsa, suka gaisa suka rabu. Umarnin bai tanadi mutum na uku da zai gani ba, bai ce a auna a gaban wani ba, bai sa ranar da za a zo a faɗi abin da aka samu ba. Wanda ya karɓa shi ne mai ajiya, shi ne kuma mai kashewa. Sa'an nan firist aikinsa hadaya da koyar da shari'a. Bai san farashin katako ba, bai san magini nawa bango ɗaya ke ci ba.

Babbar ɓarakar ma ba a nan take ba. Firistoci ba su da rabon ƙasa kamar sauran kabilun Isra'ila, daga abin da ake kawowa Haikali suke ci su ciyar da iyalansu. Ke nan kuɗin gyara da kuɗin cefane a hannu ɗaya suke haɗuwa. Yau yaro ba lafiya, gobe hatsi ya ƙare a gida, sai mutum ya ce bari in ara, in wani ya shigo in mayar. Haka yau, haka gobe, har ya kasa bambance wanne ne nasa wanne ne na aiki. Nassin bai kira su ɓarayi ba, ni ma ba zan kira su ba. A ganina ma kuɗin jama'a da yawa da ke ɓacewa ba ɓarawon dare ne ke ɗauka ba, a hannun mutanen kirki suke zagwanyewa kaɗan-kaɗan, domin an bar su su kaɗai da kuɗin da kuma bukatunsu. Wanda ya damƙa wa mutum dukiyar jama'a ba shaida ba ƙididdiga, ya jefa shi cikin gwajin da bai kamata a jefa shi ba, kuma yana da nasa kason alhakin in abin ya lalace.

Da shekaru suka yi ta tafiya, sai Yowash, wanda a lokacin ya kusa shekara 30, ya kira Yehoyada da sauran firistoci, ya tambaye su kai tsaye abin da ya hana su gyara Haikali. A tuna ko wane ne ake wa wannan tambaya. Mijin gwaggonsa ne, dattijon da ya tsare shi daga takobi, ya ɗora shi a kan sarauta, har mata biyu ya aurar masa. A ƙasarmu yaron da aka yi wa haka ko ido ba zai iya haɗawa da irin wannan dattijo ba, balle ya ce masa baba ina aka kwana a zancen kuɗi. Kunya da kara abin so ne, su ke riƙe da gidajenmu. Amma dukiyar jama'a mai yawa a bayan kunya take ɓuya. Sai ka ji ana cewa ai wane ubanmu ne, shi ya kafa wurin nan, wa ya isa ya tambaye shi? Yowash ya tambaya, kuma bai ci mutuncin kowa ba. Ya ce daga yau kada su ƙara karɓar kuɗi a hannun sanannunsu, a bar shi ya tafi wurin gyara. Firistoci suka amince da abu biyu a lokaci guda: ba za su ƙara karɓa ba, kuma an sauke musu nauyin aikin.

Yehoyada ma ya cancanci yabo a nan. Bai ce yaron da na goya ne zai tuhume ni ba, bai yi yaji ya bar musu Haikalinsu ba. Ya gane cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shi da kansa ya ɗauko akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye shi. Littafin Sarakuna ya ce kusa da bagade ya ajiye, a hannun dama in mutum na shiga, kuma firistoci masu tsaron ƙofa ne ke zuba duk abin da aka kawo. Littafin Tarihi ya ce a bakin ƙofar Haikali ta waje aka sa shi bisa umarnin sarki, aka yi shela a Yahuza da Urushalima, manya da talakawa suka yi ta zuwa suna jefawa da murna. Ko ta wace fuska aka duba, akwatin a sarari yake inda kowa ke wucewa. Kamar asusun ƙasa ne da yara ke tara kuɗin salla a ciki, abu na shiga ta ƙaramar kafa, hannu ba ya shiga ya ɗebo.

Murnar nan da jama'a suka yi abin lura ce. Haraji aka ce su kawo, kuma harajin da aka daɗe ana fama da su a kansa. Ba a rage shi ba. Abin da ya canza shi ne yanzu mutum na ganin inda azurfarsa ta faɗa. Shugabanni kan yi ƙorafin cewa mutane sun yi rowa, ba sa bayarwa don Allah. Sau da yawa ba rowa ba ce, sun gaji ne da bayar da abin da ba su ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Kuɗin da ake magana ba tsaba ba ce irin wadda muka sani. Sai a ƙarni na 7 kafin haihuwar Almasihu aka fara buga tsabar kuɗi, a Lidiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. A zamanin Yowash gutsattsarin azurfa ake ciniki da su: guntun zobe, karyayyen ɗan kunne, ɓallin da aka datse daga dunƙule. Shekel kuwa ma'aunin nauyi ne, giram 11 da 'yan kai. A Dor, wani tsohon gari a gaɓar Bahar Rum, masu tonon kayan tarihi sun tono tulu ɗauke da azurfa kimanin kilo 8 da rabi, an ƙulla ta ƙunshi-ƙunshi a ƙyallen lilin, an buga wa ƙullin hatimin yumɓu. Irin wannan dukiya ta fi takardar kuɗi sauƙin tsakura, domin in an cire guntu ɗaya daga tsibi ido ba zai gane ba, sai sikeli.

Shi ya sa yadda ake buɗe akwatin ya fi akwatin kansa muhimmanci. In aka ga ya yi nauyi, mutum biyu ke zuwa: magatakardan sarki, da babban firist ko wakilinsa. Ɗaya daga fada, ɗaya daga Haikali, kowa da ubangidan da zai koma wa da bayani. Su juye azurfar, su ƙirga, su ɗaure a jakunkuna, a mayar da akwatin inda yake. Littafin Tarihi ya ce haka aka riƙa yi kullum, har kuɗi mai yawa ya taru. Ba a bar fada ita kaɗai da makullin ba don kada sarki ya mai da baikon jama'a kuɗin yaƙi ko na gina ɗakinsa, ba a kuma bar Haikali shi kaɗai ba don an riga an ga inda hakan ya kai. Daga nan sai a miƙa azurfar, a aune, ga masu lura da aikin, su kuma su biya kafintoci da magina da masu sassaƙar dutse da maƙeran ƙarfe da na tagulla, su sayo katako da sassaƙaƙƙun duwatsu. Mai karɓa daban, masu ƙirga daban, mai biyan ma'aikata daban.

Wannan shi ne wurin da labarin ya fi shafar mu. A yau in an ce a tura gudummawar gini ta asusun banki na shugaban kwamiti, ko na fasto, ko na liman, saboda an yarda da shi, to an koma tsarin farko ke nan, na kowa ya ba wanda ya saba da shi. Kuɗin masallaci ko na coci zai kwana wuri ɗaya da kuɗin makarantar 'ya'yansa, kuma ranar da aka zo lissafi shi kansa ba zai iya rarrabewa ba. Baikon ranar Lahadi ko abin da aka tara bayan sallar Juma'a, in mutum ɗaya ne ke ɗauka ya shige ɗaki ya fito ya faɗi adadi, an cuce shi ko da waliyyi ne, domin ranar da aka fara gunaguni ba shi da wanda zai tsaya masa shaida. Mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, su ƙirga nan take, su rubuta, su sa hannu, a karanta wa jama'a. Wanda ya fi kowa cin moriyar haka shi ne mai gaskiya.

Akwai wani abu da nassin ya ambata a taƙaice wanda bai kamata a tsallake ba. Kuɗin hadayar laifi da na hadayar zunubi ba a sa su cikin akwatin ba, an bar wa firistoci, domin haƙƙinsu ne bisa shari'a. Gyaran da Yowash ya kawo bai toshe musu hanyar abinci ba. An raba musu nasu a fili, an raba na gini a fili. Wannan hikima ce da masu son kawo gyara kan manta. Sai a ƙwace komai daga hannun mai hidima, a bar shi da yunwa, a ce ya yi don Allah, sa'an nan a yi mamaki in ya nemo wata kafa. Ladanin da ke share masallaci, ko mai bishara a ƙauye, ko malamin da ke riƙe da kuɗin makaranta, in an san haƙƙinsa an ba shi a kan kari, an rage masa rabin jarabar.

Haka kuma an tsare kuɗin daga wani irin ci wanda ba a cika ɗaukarsa ci ba. Muddin aikin na gudana, ba a taɓa azurfar an ƙera tasoshi ko kwanoni ko kakaki ko wani kayan zinariya da azurfa ba. Duk waɗannan kayan ibada ne, babu mai cewa haramun ne, kuma su ne ke ƙyalli a idon jama'a ranar idi. Amma don bango aka karɓi kuɗin, sai aka kashe shi a bango. Littafin Tarihi ya nuna cewa sai bayan an gama aikin ne aka yi kayan hidima da abin da ya ragu. Kwamiti nawa ne suka tara kuɗin rufi, suka sayo lasifika da kujerun manyan baƙi, damina ta zo ta same su a inda ta bar su? Ba wanda ya saci komai, amma an saɓa alkawarin da aka yi wa masu bayarwa.

Yanzu sai wurin da aka fi yi wa labarin mummunar fahimta. Nassin ya ce ba a nemi lissafi daga mutanen da aka damƙa wa kuɗin biyan ma'aikata ba, domin masu riƙon amana ne. Wanda ba ya son a binciki littafinsa zai so ya rungumi wannan ya ce to kun gani, aikin Allah da yarda ake yinsa. Amma ya dubi inda yardar ta zo a jerin abubuwan. Kafin azurfa ta kai hannun mutanen nan, an riga an tara ta a fili, an ƙirga a gaban shaidu biyu, an auna, an san abin da aka ba su. Bayan ta bar hannunsu kuma, aikin da ta yi a tsaye yake kowa na gani: ga dutse ya hau kan dutse, ga sabon katako a inda ruɓaɓɓe yake, ga maƙeri ya karɓi ladansa bai zo fada da kuka ba. Abin da aka ɗauke musu shi ne bin diddigin kowane guntun azurfa. Kuma da aka gama, su da kansu suka kawo ragowar gaban sarki da Yehoyada. Firistoci ma ai an yarda da su da farko, shekaru suka wuce ba a ga komai ba. Waɗannan kuwa aikin hannunsu ne ya jawo musu yarda. Ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma shaidar da aka yi musu ta fi ta sarkin da suka yi wa aiki kyau.

Domin ƙarshen Yowash bai yi daɗin ji ba. Littafin Sarakuna ya ɗora kyawun mulkinsa ne a kan koyarwar Yehoyada. Littafin Tarihi ya ce dattijon ya rasu yana da shekara 130, aka binne shi tare da sarakuna a birnin Dawuda saboda alherin da ya yi wa jama'a da Haikali. Bayan rasuwarsa sai manyan Yahuza suka zo suka faɗi suka yi gaisuwa, sarki kuwa ya ba su kunnensa. Aka juya wa Haikali baya, aka koma bautar gumaka. Annabawa suka yi gargaɗi, ba a saurara ba. Sai Zakariya ɗan Yehoyada ya tashi a gaban jama'a ya tsawata musu. Wannan ba Zakariya mahaifin Yahaya ba ne, ya riga shi da wajen shekara 800. Bisa umarnin sarki aka jejjefe shi har ya mutu, a farfajiyar ginin da aka sha wahalar gyarawa, wanda a cikinsa mahaifin mamacin ya ɓoye Yowash yana jariri. Yana gab da cikawa ya bar wa Ubangiji ya duba ya bi masa haƙƙinsa.

Sai kuma Hazayel sarkin Suriya ya ci birnin Gat, ya nufo Urushalima. Yowash ya kwashe kayan da kakanninsa Yehoshafat da Yehoram da mahaifinsa Ahaziya suka keɓe wa Haikali, da nasa, da duk zinariyar da ke taskar Haikali da ta fada, ya aika wa Hazayel don ya janye. Ana iya cewa birnin ya ceta, kuma ba shi kaɗai ne sarkin Yahuza da ya taɓa sayen zaman lafiya da dukiyar Haikali ba. Asa ya yi kafinsa, Hezekiya ya yi bayansa. Duk da haka akwai abin da ke damuna a nan. Rabin shekel ɗin manomi sai mutum biyu sun tsaya a kansa kafin ya motsa, amma taskar da aka yi zamanai ana tarawa, mutum ɗaya ya buɗe ta ya juye. Tsarin ya sa ido a kan firist, ya sa ido a kan mai tsaron ƙofa, bai sa ido a kan sarki ba. Abin da ke taka wa Yowash burki dattijo ɗaya ne, da dattijon ya kwanta dama sai aka rasa wanda zai ce masa a'a ya kwana lafiya. Kowace ƙungiya da ta tsara yadda za a binciki ma'aji da magatakarda ya kamata ta tambayi kanta wa ke binciken shugaba, kuma ta amsa tun shugaban yana mutumin kirki.

Littafin Tarihi ya ce rundunar Suriya, duk da ƙarancinta, ta ci Yahuza da yaƙi, ta hallaka manyan ƙasar, ta bar sarki da munanan raunuka. Bayinsa biyu suka ƙulla masa makirci suka kashe shi a kan gadonsa, saboda jinin ɗan Yehoyada. Aka binne shi a birnin Dawuda, amma ba a makabartar sarakuna ba. Ɗansa Amaziya ya gaje shi, wajen 796 kafin haihuwar Almasihu.

Tsarin da ya kafa kuwa bai mutu tare da shi ba. Kusan shekara 200 bayan gyaran Yowash, wajen 622 kafin haihuwar Almasihu, Haikali ya sake bukatar gyara a shekara ta 18 ta mulkin Sarki Yosiya, wanda shi ma yana yaro ɗan shekara 8 ya hau sarauta. Sarakuna na Biyu sura 22 ya nuna hanyar nan dai aka bi. Masu tsaron ƙofa ne suka tara kuɗin daga jama'a. Sarki ya aiki magatakardansa Shafan wurin Hilkiya babban firist a haɗa jimilla, a miƙa wa masu lura da aiki, su biya kafintoci da magina, su sayo katako da dutse, kuma su ma aka yi musu shaidar amana. A wannan karon Tarihi na Biyu sura 34 ya adana sunayen shugabannin aikin: Yahat, da Obadiya, da Zakariya, da Meshullam, dukansu Lawiyawa. Ana cikin wannan hidima ne Hilkiya ya tsinci Littafin Shari'a a cikin Haikali, ya ba Shafan, shi kuma ya karanta. Da Shafan ya koma fada, bai fara da zancen littafin ba. Sai da ya ba da rahoton abin da aka aike shi, cewa an juye kuɗin da aka samu a Haikali an damƙa wa masu lura da aiki. Sa'an nan ya ce Hilkiya ya ba shi wani littafi, ya karanta shi a gaban sarki, Yosiya kuwa da ya ji abin da ke ciki ya yayyage tufafinsa.